DOGARIN ZUCIYA: ABIN DA MUTANEN SIN SUKA CE DA ABIN DA WUƘAR MAHAUCI TA NUNA

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar ragon layya ya ga abin da za mu yi magana a kansa yau, ko da bai san sunansa ba. Idan mahauci ya tsaga ƙirji ya ɗaga huhu, ba ya tarar da zuciya tsirara. Sai ya same ta cikin wata 'yar jaka fara-fara wadda kitse ya lulluɓe, in ya huda ta wani ɗan ruwa garai-garai ya zubo, sa'an nan zuciyar ta sulɓo waje. Yawancinmu ba mu kula da wannan jaka, akan haɗa ta da kitse ne ko kuwa a jefa wa kyanwa. Amma a Ƙasar Sin masu magani sun fi shekara 2,000 suna rubutu a kanta, har sun naɗa ta sarauta cikin jikin ɗan Adam.

Abin da ya jawo wannan magana kuwa, wani ɗalibina ne, mutumin Bakori, ya komo daga hutu da wata takarda da ya karɓo wurin wani mai tallan magani a kasuwar Funtua. A jikin takardar an zana mutum tsaye, an ja masa layuka daga ƙirji zuwa yatsu, ga rubutun Sinanci a gefe. Mai tallan ya gaya wa jama'a wai maganinsa yana wanke jakar zuciya, yana korar haki da kumburi. Yaron ya ce mini, "Malam, shin gaskiya ne akwai hanya daga jakar zuciya zuwa ɗan yatsa?" Na yi masa alkawarin amsa. Da na zauna shirya ta, sai na ga ashe ba shi kaɗai ke bukatarta ba. Malaman makaranta da ma'aikatan ofis su ne mutanen ƙauye kan kawo wa irin wannan takarda su ce a karanta musu, saboda haka ya kamata su san abin da za su faɗa.

FADAR DA KE CIKIN ƘIRJI

Tushen maganin gargajiya na Sin wani tsohon littafi ne da ake kira Huwangdi Neijing, watau littafin Sarki Rawaya a kan al'amuran cikin jiki, wanda aka harhaɗa fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Masu littafin sun ɗauki jikin mutum kamar ƙasa ce mai sarki da sarakunan fada 12. Zuciya ita ce Sarki, a wurinta hankali yake zaune. Huhu shi ne Waziri. Hanta ita ce Sarkin Yaƙi mai shirya dabara. Matsarmama ita ce Alƙali mai yanke hukunci. Saifa da tumbi su ne masu tsaron rumbuna. Wanda ya san yadda aka tsara mulkin Katsina tun zamanin En'e, da Galadima a Malumfashi, da Sarkin Maska a Funtua, da Makama a Bakori, kowa da ƙasarsa amma duk suna duban fada ɗaya, ba zai sha wuyar gane wannan misali ba.

To, ita jakar zuciya, wadda suke kira shin-bau, watau marufin zuciya, aikinta iri biyu ne a wurinsu. Na fari, jakadiya ce, ita ke fita da farin cikin Sarki ta kai wa sauran jiki. Na biyu kuwa, wanda ya fi girma, ita ce ganuwar fada kuma ita ce dogari. Sun ce ai Sarki ba ya karɓar sara da kansa. In cuta ta taɓa ainihin zuciya, hankali ya tashi, mutuwa ke nan babu makawa. Saboda haka duk ciwon da aka ce na zuciya ne amma mai shi bai mutu nan take ba, a ganinsu dogarin ne ya tare shi da jikinsa.

Har wa yau sun ce akwai wani ƙarfi da ke gudana cikin jiki, suna kiransa ci, amma fa ba cin tuwo ba. Wannan ƙarfi, in ji su, yana bin manyan hanyoyi 12, kowace gaɓa da tata. Hanyar jakar zuciya tana tasowa daga ƙirji, ta bi ta tsakiyar cikin hannu, ta ratsa tafi, ta ƙare a kan ɗan yatsan tsakiya. A kanta akwai mashiga 9 inda suke soka siririyar allura ko su danna da yatsa. Layin da ɗalibina ya gani a takarda ke nan. Sun kuma raba wa gaɓoɓi sa'o'in yini, jakar zuciya ta sami daga ƙarfe 7 zuwa ƙarfe 9 na dare, lokacin da mu nan ake cin tuwo ana hira bayan sallar lisha.

Daga baya, a ƙarni na 18, wani shahararren mai magani na birnin Sujau mai suna Ye Tiyanshi ya ƙara wani bayani game da cututtukan zafi masu bin jama'a. Ya ce irin wannan cuta takan shiga ta hanci da baki ta sauka a huhu, in ta yi tsanani sai ta juya ta auka wa jakar zuciya. Alamar haka ita ce jiki ya yi zafi ƙwarai, majiyyaci ya shiga sambatu, harshe ya yi jawur, daga nan ya fita hayyacinsa.

Kada mai karatu ya yi wa mutanen nan dariya. Sun zauna gefen marasa lafiya sun lura da kyau, kuma abin da suka gani suka rubuta, ɗa ya gada wurin uba. Mu ma ai a bakinmu zuciya ce ke fushi, ita ke baƙi, ita ke fari, har muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Sai dai kyawun misali daban, abin da ke cikin ƙirji daban.

ABIN DA LIKITOCI SUKA GANI

Da likitoci suka buɗe jiki suka bincika, sun tarar lalle jakar tana tsaron zuciya. Tantani ne riɓi biyu, na waje mai tauri wanda ba ya miƙewa da sauri, na ciki kuwa mai santsi. Tsakaninsu akwai ɗan ruwa, bai wuce cikin cokalin shayi 3 zuwa 10 ba. Zuciya tana bugawa wajen sau 100,000 kowace rana, wannan ruwa shi ke hana ta gogar maƙwabtanta, kamar yadda man inji ke yi wa injin gurzar auduga. Jakar kuma tana riƙe zuciya a mazauninta, tana hana ta cika fiye da kima, tana kuma tare ƙwayoyin cuta da kan so ƙetarowa daga huhu. A nan mutanen Sin sun yi daidai, sunan dogari ya dace da ita.

Amma hanyar nan da aka ce ta tashi daga jakar zuwa ɗan yatsa, masu fiɗar jiki ba su same ta ba, ko da madubin da ke nuna ƙwayar cuta. Farin ciki da sambatu da fita hayyaci kuma duk daga ƙwaƙwalwa suke. Abin da Ye Tiyanshi ya kwatanta ya yi kama da abin da mu ke gani ga yaron da zazzaɓin cizon sauro ya hau masa ka, ko mai sanƙarau lokacin bazara, irin wanda ya yi wa Arewa mummunar ɓarna a 1996. Mai irin wannan alama allurar asibiti yake bukata a ranar, ba jiƙo ba.

Akwai dai wani wuri guda a kan wannan layi da ya ba likitocin zamani mamaki. Sunansa Neiguwan, watau ƙofar ciki. In ka ɗora yatsu 3 a cikin hannunka daga layin wuyan hannu, sai ka same shi tsakanin jijiyoyi biyu masu tauri. An gwada danna shi ga dubban mutanen da aka yi wa fiɗa a asibitoci, aka ga yana rage tashin zuciya da amai ga waɗansu, ko da yake har yanzu masana na gardama a kan iyakar ƙarfinsa. Wanda mota ke sa wa tashin zuciya a hanyar Funtua zuwa Zariya, in ya danna wurin babu abin da zai yi hasara. Amma a lura, tashin zuciya a bakin Bahaushe ciwon ciki ne. Danna hannu ba ya fid da ruwa daga ƙirji.

Su kansu mutanen Sin ba su tsaya ga abin da suka gada ido rufe ba. A 1830 wani mai maganinsu, Wang Cingren, ya fitar da littafi na gyaran kurakuran magabata, bayan ya yi ta zuwa makabarta yana duba cikin gawawwaki da idonsa. A 1972 kuma wata masaniya mai suna Tu Yuyu da abokan aikinta suka bi bayanin wani tsohon littafi, suka tace wani ganye dangin tazargade, suka gwada shi gwaji mai tsanani, har suka fitar da maganin zazzaɓin cizon sauro wanda a yau ake ba 'ya'yanmu a asibitocin Malumfashi da Ƙafur da Ɗanja. An ba ta lambar Nobel a 2015. Sun girmama tsohon ilmi, sa'an nan suka aza shi a kan ma'auni. Abin da ya tsaya suka riƙe, wanda ya faɗi suka bari.

RANAR DA DOGARI YA SHAƘE SARKI

Ga abin da tsohon misalin bai faɗa ba, shi ne kuwa ya fi shafarmu. Jakar da ke tsaron zuciya ita ce kuma kan kashe ta. Tun a ƙarni na 12 likitan Musulmi na Andalus, Ibn Zuhr, ya rubuta bayanin kumburin wannan jaka da taruwar ruwa a cikinta. Da ya ke tantanin waje ba ya miƙewa da sauri, in ruwa ko jini ya taru farat ɗaya, ko da bai cika kofin shayi ba, sai ya matse zuciya ta kasa buɗewa ta karɓi jini. In kuwa a hankali yake taruwa, jakar takan saki kaɗan-kaɗan har ta ɗauki lita guda ko fiye, mutum yana yawo yana haki bai san abin da yake ɗauke da shi ba. Wani lokaci kuma ruwan ya janye, jakar ta ƙanƙance ta yi tauri kamar busasshiyar fata, har ta yi ɓawo, ta ɗaure zuciya tamau. Wannan ba shi da magani sai likita ya buɗe ƙirji ya ɓare ta.

A ƙasashen Afirka irin tamu, babban abin da ke kawo wannan ciwo shi ne tarin fuka, wanda likitoci ke kira tibi. Mutane suna tsammani a huhu kaɗai yake zama, alhali kuwa yakan ƙetara zuwa jakar zuciya, wani ma ba ya ko tari sosai. Nijeriya tana cikin ƙasashen duniya da wannan cuta ta fi yawa. Alamunta su ne: zazzaɓi mai zuwa da yamma, gumin dare, rama, haki da ɗan ƙaramin aiki, ciwon ƙirji mai suka wanda ke ƙaruwa in an kwanta rigingine ya kuma yi sauƙi in an zauna an sunkuya gaba, jijiyoyin wuya su taso, ƙafafu da ciki su kumbura.

Na san wani malamin firamare, tsohon ɗalibina, a wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Ƙanƙara. Damina ta kama shi da haki, har ya kasa bin shanunsa a kunya biyu. Aka ce sanyi ne, wanzami ya yi masa ƙaho a ƙirji. Aka ce sammu ne, aka yi turare. Ya sayi ƙunshin magani mai rubutun waje har sau uku, kuɗin takinsa duka ya tafi. Wata huɗu ana haka, sai da ya kai ba ya iya barci sai a zaune, sa'an nan wansa ya ɗauke shi a mota zuwa babban asibiti. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka ga inuwar zuciya ta yi faɗi kamar tulu. Likita ya sa allura ya zuƙo ruwa, ya ce kafin a gama ma sai ya ji kamar an sauke masa buhun masara daga ƙirji. Aka ɗora shi kan maganin tibi. Yau yana aji yana koyarwa. Amma likitan ya gaya wa wansa cewa da sun ƙara mako biyu, da gawa za su kawo.

Maganin tibi kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka keɓe domin haka, ana shansa kullum har wata 6 ba fashi. Wanda ya ji sauƙi ya yar da shi a wata na biyu ya jawo wa kansa cutar da ta fi ta fari wuyar magani. Ga manyan asibitoci a Funtua da Malumfashi, ga asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika bisa hanyar Zariya, ga kuma cibiyar horon ma'aikatan tarin fuka da kuturta a Saye. Ba kowane kumburi ne na jakar zuciya ba. Akwai na ƙoda, akwai na hanta, akwai na hawan jini, akwai kuma kumburin masu jego wanda likitocin Zariya suka yi bincike a kansa cikin shekarun 1970. Mai talla da lasifika ba ya iya rarrabe su, domin bai ɗora maka abin sauraro a ƙirji ba.

HAR DA SHANUN NOMA

Manoman auduga da masara na wannan yanki, waɗanda suka riƙi garmar shanu tun zamanin gonar gwamnati ta Daudawa, su ma maganar ta shafe su, gama ciwon jakar zuciya yana kashe shanu. Tunkiya da akuya da leɓe suke tsintar abinci, suna zaɓe. Sa kuwa da harshe yake naɗo ciyawa ya haɗiye ba tauna sosai, saboda haka ƙusa ko guntun waya da ya faɗa cikin harawa ko dusa ko angurya sai ya wuce da shi. Ƙarfen yakan sauka a wani ɓangare na tumbi mai zane kamar saƙar zuma, wanda ke daf da zuciya, tantani ɗaya ne ya raba su. Tumbi na motsi, ƙusa na ci gaba, har ta huda ta shiga jakar zuciya da ƙazantar ciki. Jakar ta cika da mugunya.

Sai ka ga sa ya daina cin abinci, ya ƙi tafiya, ya gantsare baya yana nishi, gaban ƙirjinsa ya kumbura, jijiyar wuya ta yi kamar igiya. Mai shi ya ce maita ce ko baki. Ranar da aka yanka, mahauci ya zaro ƙusa daga jikin zuciya kowa na gani. In ciwon ya kai nan da wuya sa ya tashi, saboda haka rigakafi ya fi magani. A daina ɗaure harawa da waya. A share turke bayan an yi aikin rufi ko an ƙona tsohuwar taya, domin wayar cikinta ita ce mugu. Akwai kuma wani ɗan maganaɗisu da likitocin dabbobi kan sa sa ya haɗiye, ya zauna cikin tumbi yana kama ƙarfe. Wanda ya rasa sa ɗaya a farkon damina ya san ba sa kaɗai ya rasa ba, noman shekarar ne ya karye.

AIKIN DA KE KAN MALAMAI

Wani masanin tarihi Bature, Murray Last, ya zauna a ƙasar Malumfashi daga 1969 zuwa 1972 yana nazarin yadda mutane ke neman magani. Cikin abin da ya lura akwai cewa da yawa ba su damu su san yadda magani ke aiki ba, in dai an ce yana yi sai a gwada, in bai yi ba a koma wani. Wannan hali shi ne jarin mai talla, kuma babu mai iya sāke shi sai makaranta.

Shawarata ga malamai ita ce, kafin a koyar da darasin zuciya a je wurin Sarkin Pawa a roƙi zuciyar rago da jakarta ba a huda ba. A kawo ta aji, yara su taɓa, su ja tantanin su ji taurinsa, a huda su ga ruwan. A ba su labarin mutanen Sin da Sarkinsu da dogarinsa, gama labari ne mai daɗi kuma yana sa darasi ya zauna a ka. Sa'an nan a sa zuciyar cikin leda a zuba ruwa a ɗaure baki, a ce wani yaro ya gwada buɗa ta ya ji yadda ruwan ya hana. Yaron da ya ga wannan da idonsa, ran da ya ga babansa yana haki ƙafafu sun kumbura, shi zai fara cewa a tafi asibiti. Gani ya kori ji.

Ma'aikatan ofis kuma, in dattijo ya miƙo muku takarda mai zanen mutum da layuka ya ce ku karanta masa, kada ku raina shi, kada kuma ku ce masa i don ku rabu da shi. Ku tambaye shi tun yaushe yake haki, ko yana gumin dare, ko yana iya kwanciya rigingine. In amsar ta ba ku tsoro, ku nuna masa hanyar asibiti, in da hali ku raka shi.

Ɗalibin nan nawa na Bakori, da na gama yi masa bayani sai ya yi shiru, can ya ce, "To Malam, ashe dai dogarin ma sai an riƙa duba lafiyarsa." Na ce masa haka ne, kuma mai duba shi yana asibiti. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa mu ga amfanin damina, amin.